Ambulan Biyu, Amsa Ɗaya

"Ina yake?"

Na tambaya ina waige-waige a ofishin Farfesa. Farfesa ya ajiye ambulan biyu a kan tebur, tawa da tasa. Kujerar Mai Alli kuwa wayam!

Haka muke kiransa, don kullum rigarsa fara fat da ƙurar allo. Shekara biyu ni da shi muna bin tambaya ɗaya ta kimiyyar fiziks: in aka zuga filin kwantam, wato duniyar ƙananan ƙwayoyin zarra, da ƙarin kuzari ya bar kwanciyarsa, nawa sarƙewar da ke tsakanin ɓangarorinsa biyu take ƙaruwa? A gaban allon nan ya fara ce mini Malamata, ni kuma na faɗa sonsa tsundum.

Farfesa yana da doka. In aiki ya zo gangara, mutum biyu za su yi lissafin kowa shi kaɗai, sati shida ba magana, ba waya, don kada kuskuren ɗaya ya shafi ɗayan.

Da namu lokacin ya zo, Mai Alli ya ce, "Za ki iya, Malamata?"

"Kai dai ji da kanka, sarkin surutu!"

A sati na uku ya turo saƙo: "Ki kira ni don Allah, akwai magana."

Na ɗauka lissafi ne ya cije masa. Ina dariya na rubuta, "Doka doka ce, ka rabu da ni."

Wayyo ni! Da na san abin da ke ƙasa...

Yau da sati shidan suka cika, Farfesa ya farke ambulan ɗin biyu. Ya duba tawa, ya duba tasa, ya cire tabarau.

"Daidai! Har lambar ƙarshe!"

Aka hau tafi. 'Yar lelen Farfesa, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Mai Alli, ita kaɗai ta sunkuyar da kai.

"Farfesa, ina yake?"

"Au, bai gaya miki ba? Ya karɓi wani aiki a ƙasar waje. Shekaranjiya ya tashi."

Ban san yadda na isa gida ba. Na tarar da Yaya, wanda tun farko ba ya son tarayyata da Mai Alli, a falo yana gyaran fanka.

"Me ka yi masa?"

"Abin da ya dace. Abokiyar aikinku ta zo ta ce aikinki yake so ya kwashe, ba ke ba. Na same shi na ce kin gano shi, kin ce ya fita harkarki."

"Kuma ya yarda?"

"Ya ce sai ya ji daga bakinki."

Ashe maganar ke nan! Ya tambaye ni, ni kuma na ba shi amsa da hannuna.

"Yaya, ka kashe ni..."

Na kira lambarsa, a kashe. Na rubuta masa wasiƙun imel sun fi ashirin, shiru. Na je wurin yayarsa, ko zama ba ta ce in yi ba.

"Ya ce kar a ba ki adireshi. Ya yi kuka a ɗakin nan kamar ƙaramin yaro, baiwar Allah. Ki bar shi ya warke."

Bayan wata tara mujallar da aka buga aikinmu a ciki ta fito. Yaya ne ya kawo mini ita, ya kasa haɗa ido da ni.

Na buɗe shafin. Ga sunana, ga nasa, gefe da gefe, yadda na sha mafarkin ganinsu a katin aure.

Na ɗora yatsa a kan nasa, na yi kuka har takardar ta jiƙe.