Matakalar Baba Lawan

Wani dare bayan isha'i Sa'adatu ta ji ƙara daga tsohuwar filazar da ke bayan gidansu a Gyaɗi-Gyaɗi, kamar raƙumin ƙarfe yana tari. Shekara tara ba mai shiga ginin nan sai tantabaru.

Da safe ta leƙa. Ashe masu sana'a ne suka haɗu suka share shagunan: maɗinka a nan, masu zane a can, maƙera a inda ake sayar da firji a da. A tsakiya wani saurayi ya zura rabin jikinsa cikin matakalar nan da a da take tafiya da kanta.

"Malam, kai ne aljanin jiya?"

Ya fito da baƙin mai har goshi. "Ashiru dai. Amma in aljani kike nema, zan gwada."

Washegari ta kawo keken ɗinkinta ta kama lungu.

Bayan wata shida manyan Ashiru suka zo daga Tarauni neman auren Sa'adatu. Mahaifinta Baba Lawan ya ƙi. Shi ya taɓa riƙe shagon agogo a benen filazar. Da matakalar ta tsaya, masu saye suka daina hawa, daga baya gwiwoyinsa ma suka daina.

"Ginin nan ya ci ni, ba zai ci 'yata ba. Ga Mubarak mai shagon taya, ƙafarsa a ƙasa take. Ranar da matakalar can ta kai ni tsohon shagona, sai ku dawo."

Kowa ya san a'a yake nufi.

Kwana goma Ashiru yana fama, sai saƙonsa ya shigo: "Tauraruwata, injin ya ƙone ƙurmus, ba gyara. Ki yafe min."

Tana ɗinki ta karanta. Hawaye ya sa ta sunkuyar da kai, sai ta ga ƙafafunta suna taka keke, ƙafar keken tana juyawa. Ta rubuta: "Injiniyana, kekena ba ya shan wuta, ƙafa yake sha. Mu nawa ne a ginin nan?"

Tsofaffin kekunan hawa goma sha biyu aka kafe a ɗakin da ke ƙarƙashin matakalar, maƙera suka haɗa su da sarƙar da ke jan ta.

Ranar Asabar Baba Lawan ya zo da sandarsa, don a kashe magana. Sa'adatu tana ƙasa cikin masu tuƙi. Suka taka, ƙarfe ya yi tari, ya motsa. Ta wata 'yar kafa ta hango takalman mahaifinta suna tashi sama a hankali, ba tare da ya ɗaga ƙafa ba.

Can muryarsa ta sauko daga bene.

"Ashiru! Gobe ka turo manyanka. Amma tukuna a saukar da ni, in sake hawa."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure. Da yamma matakalar ta ɗauki ango da amarya zuwa bene, mata suna guɗa, Baba Lawan yana sama yana jiransu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Inna Kulu maƙwabciyarsu ta riƙe haɓa.

"Wai ni jama'a, yau kwana uku ba a kawo wuta ba. Me yake tura abin nan?"