Yarinyar Rairayi a Gasar Ƙanƙara

Can a wata ƙaramar ƙasa mai zafi, an yi wata yarinya da ta koyi sulu da katako a kan tudun rairayi. Aka tura ta gasar tseren sulu a kan ƙanƙara ta ƙasashen duniya, yayanta ya raka ta.

Amma ƙanƙara ba rairayi ba ce. Ta faɗi, ta tashi. Ta faɗi, ta tashi. Kowa ya gama, 'yan kallo suka watse.

Yayanta ya ce, "Ƙanwata, ya isa haka."

Ta ce, "Yaya, ka taɓa ganin na ajiye tulu a rabin hanya?"

Da ta ƙarasa, wani tsoho yana sauke tutocin ƙasashe, ta ƙasar yarinyar ce a hannunsa. Ya dubi tutar, ya dubi irinta a ƙirjin yarinyar. Sai ya mayar da tutar sama.