Tsoho da Ɗan Jirgin Katako

A wani gari na bakin kogi an yi wani tsoho masassaƙin kwale-kwale. Wata rana ɗansa ya aiko masa da akwati daga birni. A ciki akwai guntayen katako da gam da zare da farin ƙyalle, na haɗa ɗan jirgin ruwa mai tafiya da iska. Tsoho bai taɓa haɗa irinsa ba, amma ya cika wa abokansa baki cewa ran kasuwa za su gani.

Ya zauna zai liƙa katako, guntu ya faɗi ya ɓace. Jikarsa ta ce, "Kaka, in taya ka?" Ya ce, "Na iya."

Ya shafa gam, gemunsa ya manne da jirgin. Ta ce, "Kaka, in taya ka?" Ya ce, "Na iya."

Da ya zo zura zare a hudar sandar da ke riƙe ƙyallen, sai ido ya ƙi. Ya gwada, ya sake gwadawa, ga kasuwa gobe. Can ya yi dariya ya ce, "Jikalle, zo ki ara mini idonki."

Ta zura, ya ɗaure. Ta zura, ya ɗaure, har jirgi ya tsaya cak.

Washegari abokai suka kewaye shi suna tafi. Suka ce, "Kai kaɗai ka yi wannan?"

Tsoho ya ɗaga jikarsa sama ya ce, "Ina! Ku tafa wa wannan tukuna."