Zuciya Ce Ko Ƙararrawa?

Jama'ata, ina gaisuwa! Ku ajiye abin da ke hannunku, yau mai zafi na kawo muku.

"Na mutu?!"

Mai Magani ta miƙe zumbur a shagon buga takardu na yayanta, har kujera ta kife.

Ku kwantar da hankalinku, ba ita ta mutu ba. 'Yar tsanarta ce ta cikin wasan intanet, irin wanda mutum ashirin ke taruwa su yaƙi dodo ɗaya. Ita ke warkar da 'yan ƙungiya, shi ya sa sunan ya bi ta.

Shekara biyu ba ta taɓa faɗuwa ba. Da jininta ya yi ƙasa, sai Garkuwa, mai tare wa 'yan ƙungiya duka, ya diro gabanta ya tare dukan. A nan soyayya ta ƙullu, har ranar Asabar zai zo gaida Baba.

"Wai ya kake sani?" ta sha tambayarsa.

"Zuciyata ke bugawa, rabin raina."

To, da safiyar nan kamfanin wasan ya toshe duk manhajojin ƙari da 'yan wasa ke liƙa masa daga waje. Yaƙin farko bayan nan, dodo ya tumurmushe ta, Garkuwa na gefe yana waige-waige kamar baƙo a tasha!

Wayarta ta yi ƙara. Kibiya ce, maharbiyar ƙungiya, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Garkuwa.

"Ƙawata, ya haƙuri? Zuciya ko? Manhaja ce ke kaɗa masa ƙararrawa in jininki ya sauka! Ranar da na kai masa kwamfutata gyara na ɗauki hoton manhajar a allon tasa, ga shi nan na turo."

Mai Magani ta buɗe hoton.

"Innalillahi..."

Yaya ya leƙo daga bayan injin.

"Ban faɗa miki ba? Soyayyar da sai an sa mata caji! Ki ce masa kar ya zo mana gida."

Ta rubuta: "Kar ka zo Asabar." Ta tura.

Ko awa ba a yi ba sai ga Garkuwa, gumi sharkaf, da sukundireba a aljihun gaba.

"Rabin raina..."

"Rabin manhajarka dai! Gaskiya ne ko ƙarya?"

Ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne. Ni ba gwani ba ne. Kunyar faɗa miki na ji."

Duniya ta juya mata. Shekara biyu tana wa ƙawaye alfahari da wannan zuciyar!

Yaya ya fizge wayar don ya sami abin dariya. Ya ƙara girman hoton, sai dariyar ta maƙale.

"Kai, tsaya. Gurbin suna ashirin nake gani a nan. Me ya sa ɗaya kawai aka cike?"

Ta karɓe da sauri. Layi goma sha tara fayau. Na farko kaɗai ke da rubutu: Mai Magani.

"Ba aikinka ne ka kare kowa ba?" ta tambaya, baki buɗe.

"Aikina ne."

"Sauran fa?"

"In na sa su, ƙarar ta yi yawa, ba na gane taki."

"Shi ya sa Kibiya ke mutuwa kullum?!"

Ya sosa ƙeya.

Yaya ya dafe kai. "Shekara biyu kuna shan kashi a gasa, ashe wannan ne ya sayar da sauran 'yan ƙungiya kaf saboda ƙanwata!"

Ta danne murmushi da ƙyar.

"Duk da haka ƙarya ka yi min. Yanzu ƙararrawa ta tafi. Sai yaya?"

"Sai ido. Zan koya. Amma gaskiya za ki mutu da yawa kafin in iya."

Wannan karon bai yi mata ado ba, abin da ya sauko da ita ke nan.

"Mutuwa uku na ba ka kafin Asabar. Ka wuce haka, kar in ga ƙafarka."

Jama'a, sau bakwai ta mutu!

A yaƙi na takwas ya diro a makare, ya tare dukan da ba ita aka nufa ba ma, ya mutu a gabanta. Ita ta tashe shi.

Ranar Asabar da kanta ta goge masa kujerar falo.

Ku fa 'yan mata, da za ku buɗe masa ƙofa, ko sai ya iya wasa tukuna?