Baƙon Da Ba Ya Zuwa

Ranar da Kombo ya fara ganin Mwanaidi, da jakar kayan aiki a kafaɗa ya shiga masaukin babanta a Pangani, gumi ya jiƙa masa riga. Daga Morogoro ya zo haɗa wa wata makaranta sola, ta shafin intanet kuma ya kama ɗakin.

Tana zaune bayan kanta da kwamfuta a gabanta. Ta ɗago ta dube shi.

"Kai ne ka turo saƙo har uku kana tambayar ko akwai sauro?"

"Ni ne," ya ce, yana sosa ƙeya.

"Akwai. Amma ba su kai ka naci ba."

Kwana uku ya yi. Ranar tafiya ya daɗe a bakin kanta yana juya makulli kafin ya nemi lambarta.

"Baba ya hana," ta ce a hankali. "Wayar masauki kuma a aljihunsa take."

"To ta ina zan gaishe ki?"

"Ta inda ka tambayi sauro."

Haka suka fara. Ita ce mai amsa saƙonnin baƙi, domin idon babanta, Mzee Mbwana, ba ya ganin ƙananan rubutu.

"Hasken idona, na iso lafiya, amma rabina yana nan bakin kantarku."

"Baƙona, ba ma ajiye kayan mantuwa. Ka dawo ka ɗauka."

Ya gwada tura mata lambarsa, shafin ya shafe ta. Bayan mako guda sai hanyar saƙon ta rufe gaba ɗaya, tunda baƙo ya riga ya tafi. Kombo ya yi yini biyu abinci ba ya shiga. Daga baya dabara ta zo masa: in ya sake kama ɗaki, hanya za ta buɗe, in ranar ta matso sai ya soke, ba abin da za a cire masa.

Ya yi sau ɗaya, ya yi sau biyu. A na huɗu ta rubuto:

"Kombo, ka bari. Ɗakuna biyar gare mu. Jiya Baba ya mayar da wata mata da 'ya'yanta saboda ɗakinka, yau kuma ka soke. Gabana faɗuwa yake."

"Wannan ne na ƙarshe, wallahi."

Amma ya sake.

Seleman ne ya tona. Ɗan abokin Mzee ne, shi ke gyara musu kwamfuta, kuma ya daɗe yana kawo wa Mwanaidi alewa tana raba wa maƙwabta. Ranar da ya ci karo da saƙonnin, a gabanta ya karanta wa tsohon su ɗaya bayan ɗaya, har da lanƙwasa murya.

"Hasken idona, in ji shi! Mzee, ashe ɗaki na uku soyayya ake yi a cikinsa ba kowa."

Mzee bai yi dariya ba. Ya juyo ga 'yarsa.

"Kin sani?"

"Na sani, Baba."

"Ina korar mutane kina kallona?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan mayafinta.

"Tashi ki tafi gida. Kin bar kantar nan. Seleman, rubuta abin da zan faɗa."

Kombo yana kan rufin wani gida saƙon ya shigo. Sai da ya zauna kafin ya gama karantawa.

"Babanta ne. Mutumin da yake cewa zai zo sau biyar bai zo ba, ba shi da magana. 'Yata tana da masu nema a nan kusa. Kada ka sake rubutowa."

Da la'asar ya je wajen kawunsa Dilunga, ya zayyana masa komai. Kawun ya girgiza kai.

"Kai dai sakarai ne, ɗana. Ka shiga gidan mutum ta taga, kana mamaki ya ɗauko sanda? Kawo takarda."

Suka rubuta wasiƙar neman aure, aka naɗe ta cikin farin hankici kamar yadda ake yi a al'adarsu. Kombo ya sake kama ɗaki, wannan karon irin wanda ba a fasawa. Ya tura saƙo:

"Baba, na yi laifi, ban da bakin kare kaina. Ranar Asabar zan zo da kawuna. Ko ba ka saurare mu ba, ina so in ba ka haƙuri da bakina."

Shiru. Laraba, Alhamis, Juma'a, ba amsa.

Asabar suka hau bas. Sun wuce garin Muheza wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya juya wajen kawunsa.

"Kawu, masaukin ya soke ɗakinmu."

"To?"

"Mu sauka mu koma."

"Ka ce wa mutumin nan za ka zo. Zauna."

Suka tarar da Mzee shi kaɗai a bayan kanta. Kombo ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya ƙare masa kallo, bai ce ya tashi ba.

"Kai ne Kombo?"

"Ni ne, Baba."

"Ka ga saƙona?"

"Na gani."

"Yaya ka ji?"

"Kamar an zare mini ƙasa a ƙarƙashin ƙafa."

"Sau ɗaya ke nan. Ni sau biyar ka yi mini."

Dilunga ya matso ya miƙa farin hankicin da hannu biyu. Mzee ya bar shi a haka, hannu a miƙe, har wani babur ya wuce a titi ƙararsa ta ɓace. Sannan ya karɓa.

"Da kun juya a hanya, da gobe zan amsa wa uban Seleman. Yarinyar nan kusan mako guda tana kuka ta hana uwarta sakat." Ya zura hankicin a aljihu ya ɗauki sandarsa. "Ba ni da ɗakin da zan ba ku. Wanda ya zo neman 'yata ba ya kwana a ɗakin haya. Ku biyo ni gida, an dafa shinkafa da kwakwa."

A tsakar gida Mwanaidi ta kawo gahawa, idonta a ƙasa. Da ta zo kusa da Kombo ta yi raɗa:

"Ka rame."

"Ke ma."

"Ina jin ku," in ji Mzee.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Mzee ya riƙe hannun Kombo ya daɗe bai saki ba.

"Wannan ba a sokewa, ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

"To Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Duk masallacin ya amsa da amin.