Ranar da Dada Ta Zo Biko

Mansura na riƙe da hannun Dada, uwar mijinta, suna zagaya tsakar gida a hankali, sai ga Suwaibatu ta shigo. Ko sallamar ba ta ƙarasa ba.

"Innalillahi! Mansura, kashe muna uwa za ki yi? Matar da ɓarin jikinta ya shanye kike ja haka?"

"Yaya, likita ma ya ce ta riƙa takawa. Kwanciyar ce za ta..."

"Ruhe mani baki! Mu nan marar lahiya kwanciya yake, a zo a gaishe shi!"

Suwaibatu ita ce babbar yayar Jabiru, mijin Mansura, kuma maganarta ba ta faɗuwa ƙasa a gidan. Mansura kuwa lakcara ce a jami'a. Tun digirinta na biyu take bincike kan yadda motsa jiki ke kare zuciya da ƙwaƙwalwa, yanzu tana kan na uku, ta ajiye komai ta dawo garinsu Ketare jinyar Dada. To amma a garin nan gatan tsoho shi ne a shimfiɗa masa katifa, a kai masa ruwa har baki. Wanda ya tashe shi tsaye bai san darajarsa ba.

Kafin la'asar an tara dangi. Baba Audi, ƙanen mahaifin Jabiru, shi ya yanke magana, yana duban Jabiru.

"Ta mai da muna tsohuwa abin gwajin bokonta. Ko ka sake ta, ko mu cire hannu daga sha'aninka!"

Dada na kwance tana ji. Ta motsa baki, harshen ya ƙi.

Jabiru ya sami Mansura a ɗaki, idonsa jajur.

"Ba zan sake ki ba, wallahi. Amma ki je gida tukuna, a huce."

"To, Baban Ikhlas."

Abin da ta ce ke nan. Ta goya 'yarsu Ikhlas, ta ɗauki kwamfutarta, ta tsallaka kasuwa zuwa gidan iyayenta. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba.

Damina ta wuce, aka yanke dawa. Mansura tana ci in an ba ta, tana kwanciya in an kwanta. Ta kan buɗe aikinta ta karanta abin da ta rubuta da hannunta, ta ji kamar na wata ne. Ba ta kai ƙarar kowa ba, ba ta zagi kowa ba. Abu ɗaya ke yi mata yawo a kai: aurenta na rataye, Dada kuma na kwance.

Wata safiya ta ji ƙarar sanda a zaure, sai wata sallama mai nauyin harshe.

Dada ce. Tsaye. Gumi ya jiƙa mata mayafi, ƙafar hagu na ɗan ja. Jabiru na bayanta, Suwaibatu a gefe tana kallon ƙasa.

"Dada! Wa ya kawo ki?"

"Ƙahwata." Ta tsaya ta ja numfashi. "Kullum yaron nan na zagayawa da ni kamar yadda kika koya mashi, ana zagin shi yana yi. An ce a aiko Audi biko. Na ce a'a, domina aka kore ki, ni zan tako."

Suwaibatu ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ki yahe mani, Mansura. Ni gani nake gata nake mata."

Mansura ta durƙusa ta kama hannun tsohuwar. Sai a lokacin kukan ya zo, mai ƙarfi, har Ikhlas ta tsorata.

Haƙurinta ya mayar mata da aurenta. Dangi kuma suka gane cewa ba kowane hutu ne gata ba, wani lokacin mai ƙaunarka ne ke hana ka kwanciya.

"Tashi, ɗiyata," in ji Dada. "Riƙe ni mu koma, da sauran tahiya."