Tudun da Rezo Ke Kamawa

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Ousmane ne, shugaban gungun, rawani ya rufe masa fuska, bindiga a hannu. Mutum shida suka zube a rairayi, ga gasasshen rago bai ko huce ba. Ma'aikata ne 'yan unguwar Gaweye da suka fito hutun ƙarshen mako tuddan bayan kogi, su sha shayi, su ɗauki hoto. Sadiƙ, ɗaya cikin yaransa biyu, ya bi su da buhu. Wayoyi, zobba, makullin motarsu kat-kat — duk ciki!

Harouna direba yana cikin mota, injin a kunne. Jikinsa kaɗai ke wurin. Da asuba ya bar matarsa Ramlatu a gidan haihuwa na Lamordé, likita yana maganar tiyata. Ya roƙi Ousmane a ɗaga aikin.

"In ka zauna, kai za ka haihu mata?" in ji Ousmane. Ya karɓe wayarsa, don dokarsu ce ba a fita aiki da waya.

Abin da ba su gani ba, tun motarsu tana tunkarowa wata Halimatou cikin matafiyan ta tsargu. Ta ɗauki hoton motar, ta haɗa da alamar wurin, ta tura wa mijinta. Babu rezo a kwarin, waya ba ta kamawa, saƙon ya maƙale yana jira.

Su Ousmane suka ɓuya a wani kwazazzabo kusa, sai rana ta faɗi su shiga gari. Sauran suka bi lafiyar ragon mutane. Harouna ko loma bai kai ba. Ya zare waya ɗaya daga buhun, marar makulli, ya ce zai kewaya.

Duk direban da ya san hanyar nan ya san tudun: a ƙwanƙolinsa kaɗai rezo ke kamawa. Ya hau da rarrafe, rairayi na ƙona masa tafin hannu. Ya ɗaga wayar sama. Shiru. Ya juya gabas. Sanda ɗaya ta fito! Ya buga lambar Rabi, yayar Ramlatu. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Wa ke ɗaukar baƙuwar lamba a rana irin wannan? Ya buga, ya sake bugawa, har inuwarsa ta yi tsawo.

Ashe wayar Halimatou ya ɗauko, saƙonta kuwa tuni ya tafi. Mijinta ko takalmi bai tsaya nema ba, ya kai wa jandarmomi. Mota biyu suka tsallaka gada.

"Mi kake yi nan, ɗan iska?"

Ousmane ne a bayansa. Ya fizge wayar, ya duba. Ga motarsu, ga lambarta, ga fuskar Harouna tsirara a bayan sitiyari. An buɗe saƙon tun awa guda.

"Patron, matata nike nema, wallahi ban..."

"Kai suka gani. Mu ba su gan mu ba."

Tau! Harsashi ya shiga cinyar Harouna. Ousmane ya jefa masa wayar a ƙirji, ya gangara da gudu. Sadiƙ ya ja motar, shi da bai san rairayi ba. Ba su kai kwalta ba taya ta nutse, jandarmomi suka rufa musu. Daga tudun Harouna ya ji ɓarin wutar, ya kuma ji lokacin da ta tsaya. Ousmane da Sadiƙ a nan suka ƙare, na ukunsu ya ɗaga hannu. Buhun ko kwance shi ba a yi ba.

Jini ya jiƙe rairayin da ke ƙarƙashinsa. Sai wayar ta yi ƙara.

"Alo, wa ke ta kirana?"

"Rabi, ni na. Harouna."

Kuka ya ƙwace mata. "Ina ka shiga? Tun hantsi Ramlatu ta cika. Sunanka take ta kira. Ɗiyar tana nan da rai. An yi wa Ramlatu wanka, liman ya ce kai ake jira."

Ya dubi ƙasan tudun. Jandarmomi uku suna hawowa, suna bin sawunsa. Ya so ya tambayi kamar wa ɗiyar ta ɗauko, ya ga ba shi da bakin tambaya.

"Ku yi mata salla, Rabi," ya ce. "Kada ku jira ni."